Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Jikin Mace da Kayan Wasan Maza

Duk mai bin ƙungiyar matan Arsenal ba zai manta da kakar 2022 zuwa 2023 ba. A watan Nuwamba Beth Mead ta faɗi riƙe da gwiwa. Wata guda bayan nan Vivianne Miedema ta bi sahu. A watan Afrilu kyaftin ɗin Ingila, Leah Williamson, ta durƙushe a wasansu da Manchester United, ba wadda ta yi mata ƙeta, ƙafarta ce kawai ta kafe a ciyawa jikinta ya juya. Ba a gama yi mata sannu ba aka ɗauke Laura Wienroither a kan gadon marasa lafiya. Mata huɗu a ƙungiya ɗaya cikin wata shida, kuma ciwon iri ɗaya: tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa da likitoci ke kira ACL, wadda ke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri kada su zame wa juna. Wanda wannan jijiya ta tsinke wa, tiyata ce a gabansa da jinyar wata 9 zuwa shekara guda. Mead da Miedema da Williamson duk ba su buga Gasar Cin Kofin Duniya ta 2023 ba.

Alƙaluman da masu bincike suka daɗe suna kawowa sun nuna mata sun fi maza gamuwa da wannan rauni ninki 2 zuwa 8, gwargwadon wasan da kuma yadda aka yi lissafin. Amsar da aka saba bayarwa kuwa gajeriya ce: haka Allah Ya yi jikin mace. Ƙugunta ya fi faɗi, don haka ƙashin cinya yana sauka kan gwiwa a karkace. Jijiyar tata ta fi siranta, ramin ƙashin da take ratsawa ya fi ƙunci, sinadaran jikinta kuma suna hawa da sauka a kowane wata. Akwai gaskiya a cikin wannan magana. Matsalarta ita ce tana rufe baki da wuri. Da zarar an ce halitta ce, sai kowa ya kama gabansa, ba wanda zai sunkuya ya duba me ke ƙafar yarinyar sa'ad da ta faɗi.

Kafin mu sunkuya, gara a faɗi abin da ba ya bukatar musu. Jikin namiji da na mace ba su zo ɗaya ba a wajen gudu da tsalle da jifa. Yara ƙanana kusan kafaɗa da kafaɗa suke tafiya, sai an balaga hanya ke rabuwa, lokacin da sinadarin testostiron a jikin namiji ke kai wa kusan ninki 15 na abin da ke jikin mace. Shi ke ƙara masa tsoka da tsawon ƙashi, ya girmama zuciya da huhu, ya ƙara himogulobin mai dakon iska a cikin jini da kamar kashi 10 zuwa 12 cikin 100. Sakamakon yana nan a agogo. Usain Bolt ya cinye mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009, Florence Griffith-Joyner kuwa 10.49 ta yi a 1988. Tazarar kusan kashi 10 cikin 100 ce, kuma kusan haka take tun daga gajeren gudu har zuwa na yada-ƙanin-wani. A tsalle tazarar ta fi haka, a wasannin da ke bukatar ƙarfin hannu da ƙirji ta fi nisa. Dalilin da ya sa aka ware wa mata rukuninsu ke nan, kuma dalili ne mai ƙarfi.

Sai dai ba ko'ina ne namiji ke gaba ba. A 2019 wata likitar dabbobi 'yar Birtaniya, Jasmin Paris, ta lashe tseren mil 268 a tsaunukan Ingila cikin hunturu, ta bar duk mazan a baya, ta rage wajen awa 12 daga tarihin da aka kafa, tana yi tana tsayawa a zango tana tatsar nono saboda 'yarta ba ta daɗe da barin mama ba. A gasar Olamfik ta Barcelona a 1992, lokacin da maza da mata ke harbin faifai tare, Zhang Shan ta China ce ta ɗauki zinare. Gasar da ta biyo baya a 1996 sai aka mayar da wasan na maza zalla. Kowa ya fassara wannan yadda ya ga dama.

To tunda an yarda jikin ya bambanta, mai hankali zai zaci kayan wasan ma an bambanta su bisa awo. Nan ne abin ya zama kamar ɗinkin telan da bai ga mai kaya ba: wani wuri ya yi yawa, wani wuri ya matse.

A wasannin guje-guje da tsalle-tsalle an rage. Dalmar da mata ke jifa kilo 4 ce, ta maza 7.26. Mashinsu giram 600, na maza 800. Farantin jifa kuwa an raba shi biyu cur, kilo 1 da kilo 2, abin da ya sa tarihin mata, mita 76.80 da Gabriele Reinsch ta Jamus ta Gabas ta kafa a 1988, ya fi tarihin maza, mita 75.56 da Mykolas Alekna ya jefa a 2025, nisa. A ƙwallon raga tsayin ragar mata mita 2.24 ne, na maza 2.43. A ƙwallon kwando an ƙanƙanta wa mata ƙwallo amma an bar kwandon a mita 3.05 ga kowa, shi ya sa da wuya ka ga mace ta daka tsalle ta dankara ƙwallo a kwando da hannu. Babu wata ƙa'ida guda da aka bi. Kowace hukuma ta yanka nata ne a zamaninta, da yawa kuma da ka aka yanka.

Gudun tsallake shinge, inda Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya da daƙiƙa 12.12 a Oregon a 2022, misali ne na inda aka rage har aka zarce. Shingen maza santimita 106.7 ne, na mata 83.8, wato bai kai kashi 80 cikin 100 na maza ba, alhali matsakaicin tsayin mace ya haura kashi 90 cikin 100 na tsayin namiji. Masu horarwa da dama sun daɗe suna cewa shingen matan ya yi ƙasa, har ya mayar da wasan na mai saurin ƙafa fiye da na mai iya tsallake. Wannan ragin ba tausayi ba ne, gadon raini ne. Tunanin da ya haife shi shi ne ya sa aka soke tseren mita 800 na mata bayan gasar Amsterdam ta 1928, wai sun galabaita, ba a dawo da shi ba sai 1960. Gudun yada-ƙanin-wani ma sai a 1984 aka bar mata suka yi shi a Olamfik.

Ƙwallon ƙafa ta ɗauki ɗaya hanyar: ba ta rage komai ba. Fili ɗaya, minti 90, ƙwallo mai lamba 5, raga mai faɗin mita 7.32 da tsayin 2.44. A ido wannan shi ne adalci tsantsa. Amma golan maza a manyan lig-lig na Turai yakan kai wajen mita 1.90, ta mata kuwa wajen 1.75. Wasu masu bincike a Norway sun zauna a 2019 suka yi lissafin yadda wasan zai kasance in an ɗora wa maza irin nauyin da mata ke ɗauka. Raga za ta koma mita 7.93 da 2.64, ƙwallon ta kusa kai girma da nauyin ta kwando, filin ya ƙara tsawo da faɗi sosai. Duk mai zama a gidan kallo yana dariyar golan mata idan ƙwallo ta bi ta saman kanta, ya ƙaddara an miƙa wa golan ƙungiyarsa wannan ragar.

A shekarar ce Emma Hayes, tana kocin matan Chelsea a lokacin, ta ce a duba yiwuwar rage ragar. Ta sha suka, kuma da yawan masu sukar mata ne masu tsaron gida. Hujjarsu ita ce ba raga ce ta yi girma ba, horo ne ya yi kaɗan: yawancinsu sun girma ba su taɓa samun kocin gola na kansu ba. Ni a nan na fi karkata gare su. Cikin 'yan shekarun da ƙungiyoyi suka fara ɗaukar masu horar da gololin mata da gaske, tsaron gida ya canja kamanni. Wanda ya ga Chiamaka Nnadozie ta tare fenaritin Christine Sinclair a wasan Najeriya da Kanada a 2023 ba zai ce ragar ta fi ƙarfinta ba. Akwai kuma maganar aljihu. A garuruwan da fili ɗaya ne maza da mata ke rabawa, wa zai kafa turaku na biyu? Ranar da aka ce sai da raga ta musamman mata za su buga, ranar aka ba masu neman hana su wasa sabon uzuri.

Inda rashin awo ya fi cizo shi ne a abin da ke manne da jiki, kuma takalmi ne kan gaba. Ƙafar mace ba ƙaramar ƙafar namiji ba ce. Dunduniyarta ta fi tsukewa idan aka gwada da faɗin gaban ƙafar, kwarmin tafin ya fi zurfi, idon sawu ma ba a wuri ɗaya yake zaune ba. Shekara da shekaru kamfanoni suna ɗinka takalman ƙwallo a kan samfurin ƙafar namiji, in mace ta zo saye a ba ta ƙaramar lamba ko na yara maza, in an yi mata gata a shafa masa launin hoda. A 2023 Ƙungiyar Kulob-kulob ta Turai ta tambayi 'yan wasa mata kusan 350 daga manyan ƙungiyoyi, kashi 82 cikin 100 suka ce takalmansu na damunsu, kusan ɗaya cikin uku kuma suka nuna dunduniya. Waɗannan fa ƙwararru ne masu kwantiragi da kamfanonin takalma, wasunsu har huda bayan takalmin suke yi don su samu sauƙi.

Sai batun haƙoran ƙasan takalmin. Tsawonsu da jerinsu an tsara su ne don namiji mai nauyi da ƙarfin da zai nutsa su a ciyawa ya kuma fizge su. Mace ta fi shi rashin nauyi, don haka haƙoran kan riƙe ƙasa fiye da yadda take bukata. Ta zo juyawa da sauri, ƙafa ta kafe, cinya ta tafi, gwiwa ce a tsakiya. Masu bincike ba su kai ga yanke hukuncin cewa takalmi ne ke tsinka jijiyar ba, amma zargin ya yi ƙarfin da ya sa kamfanoni suka motsa. IDA Sports, ƙaramin kamfani, ya fito da takalmin da aka gina tun daga tushe a kan ƙafar mace. Nike ta fito da Phantom Luna gab da gasar 2023, da haƙora jere a da'ira a gaban tafin don ƙafa ta samu juyawa. A watan Maris na 2024 wani kwamitin Majalisar Dokokin Birtaniya ya fito fili ya ce masu yin takalma sun yi sanyin jiki a kan lamarin.

Amma takalmi kaɗai ba zai ɗauki laifin duka ba, kamar yadda faɗin ƙugu ba zai ɗauka ba. Akwai wani abin lura daga masu rawar Turawa ta bale, waɗanda aikinsu ke nan tsalle da dira a kan ƙafa ɗaya. A cikinsu tsinkewar wannan jijiya ba ta da yawa, kuma babu wani babban bambanci tsakanin maza da mata. Ƙugun matan bai canja ba. Abin da ya bambanta su da 'yan ƙwallo shi ne tun suna ƙanana ake koya musu yadda ake dira, maza da mata a aji ɗaya. Yaron da ya shiga makarantar ƙwallo a Turai yana shekara 8 yana samun mai koya masa ƙarfafa cinya, da likitan gashin ƙashi, da fili mai kyau. Yarinya takan samu waɗannan ne a makare, in ma ta samu, sannan rana ɗaya a ce ta zama ƙwararriya ta buga wasa biyu a mako da tawaga 'yar ƙarama wadda ba ta da masu canji. Ƙwallon mata a Ingila hukuma ce ta hana ta filayenta daga 1921 har 1971. Shekara 50 aka yi ana gina wa maza tsani, matan na waje. Gasar Kofin Duniya ta mata ta 2015 a Kanada a kan ciyawar roba aka buga ta, abin da ba a taɓa yi wa maza ba, duk da ƙarar da Abby Wambach da abokan wasanta suka shigar. Idan aka tattara wannan duka aka ce ƙugu ne, an bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganin da aka fi tabbatar da amfaninsa kusan kyauta ne. Akwai atisayen ɗumama jiki na minti 20 da ake kira FIFA 11+, tsalle-tsalle ne da tsayuwa a ƙafa ɗaya da ƙarfafa bayan cinya. An gwada shi a Norway a kan 'yan mata kusan 1,900 masu shekara 13 zuwa 17, raunuka suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba ya bukatar inji ko ɗakin motsa jiki. Koci ne kawai zai yarda ya ba shi minti 20, kuma a nan ake yawan faɗuwa.

Ilimin kansa da gibi. Wani nazari da ya bi diddigin binciken kimiyyar wasanni da aka wallafa daga 2014 zuwa 2020 ya gano kashi 6 cikin 100 ne kacal aka yi a kan mata zalla. An fi son gwaji da maza saboda jikinsu ba ya sauyawa da wata, sai a ɗauki sakamakon a shafa wa kowa. Shi ya sa a 2022, da Dina Asher-Smith ta ji ƙafafunta sun ɗaure ana tsakiyar tseren ƙarshe na mita 100 a gasar Turai a Munich, ta fito ta ce al'adarta ce, kuma da maza ne ke fama da wannan da tuni an samo hanyoyi barkatai na magance shi. Jinin da ake zubarwa duk wata yana tafiya da sinadarin ayon, ƙarancinsa kuma yana rage iskar da jini ke kaiwa tsoka. 'Yar wasa za ta yi ta haki, koci ya ce lalaci ne, alhali gwajin jini ɗaya zai warware zancen.

Wasu gyare-gyaren ma ba sa bukatar ɗakin bincike, kunne kawai suke bukata. 'Yan wasan Ingila sun yi ta cewa farin gajeren wando na sa su fargaba a kwanakin al'ada, sai a 2023 aka canja musu zuwa shuɗi, a shekarar da gasar tanis ta Wimbledon ita ma ta sassauta dokarta ta fararen kaya ta bar mata su sa mai duhu a ciki. Rigar mama ta wasanni irin ta zamani ba ta wanzu ba sai 1977, lokacin da wasu mata uku a Amurka suka harhaɗa ta da kansu. Masu bincike a Jami'ar Portsmouth sun nuna cewa in babu mai riƙewa da kyau, ƙirji na iya motsin da ya kai santimita 15 a lokacin gudu, mace kuma takan rage tsawon takunta ba tare da ta sani ba. A tseren keke, sirdin da aka ƙera don namiji ya daɗe yana yi wa mata rauni a wurin da kunya ke hana faɗa, har sai da likitocin tawagar Birtaniya suka kai kuka hukumar keke ta duniya ta sassauta dokar karkata sirdi a 2016.

Tufafi kuwa labarinsu daban ne, domin a nan ba mantawa aka yi da jikin mace ba, kallonsa aka yi fiye da kima. A 2021 an ci tarar 'yan ƙwallon hannun bakin teku na Norway Yuro 1,500 saboda sun sa gajeren wando maimakon ɗan kamfan da doka ta tilasta musu, alhali maza na wasansu da wando har kusan gwiwa. Surutun da ya biyo baya ne ya sa aka canja dokar. Ta ɗaya gefen, FIFA ta hana hijabi a 2007 da sunan kare lafiya, ba ta janye ba sai 2014, bayan an ƙera mai maɓallin da ke ɓallewa in an ja. Hukumar ƙwallon kwando ta duniya ta bi baya a 2017. Nouhaila Benzina ta Maroko ce ta fara buga Kofin Duniya da hijabi a 2023, shekara guda kafin Faransa ta hana nata 'yan wasan sa shi a Olamfik ɗin da ta karɓi baƙunci. Mu a nan mun san nauyin wannan magana fiye da Turawa. Gidaje da yawa ba gudun ko ƙwallon suke ƙi ba, shigar suke ƙi, kuma yarinyar da aka ce ta zaɓa tsakanin suturarta da fili, an riga an san wanda za ta zaɓa.

Na taɓa tsayawa a bakin wani filin makaranta da yamma ina kallon 'yan mata na shirin atisaye. Ɗaya daga cikinsu, ba za ta wuce shekara 15 ba, ta zauna a kan dutse ta zaro takalmin ƙwallo daga leda. Na yayanta ne, ka gani ka sani. Ta cusa tsumma a gaban, ta sa safa biyu, ta ja igiyar har bakin takalmin ya haɗe, ta zagaya da ragowar ta ƙarƙashin tafin ta ɗaure a sama. Da ta tashi gudu dunduniyarta na fita tana komawa. Filin kuwa jar ƙasa ce da rana ta gasa ta zama kamar daɓe, haƙoran takalmin dogaye ne na ciyawar Turai mai laushi, ba su da inda za su nutse, don haka a kan tsinin su take tafiya. Ta fi kowa gudu a wurin duk da haka.

Idan jijiyar wannan yarinya ta tsinke, ba tiyata da jinyar wata 9 ke jiranta ba. Ɗori ne da man zafi, sai kuma a ce ai dama an faɗa, ƙwallo ba ta mata ba ce. Super Falcons sun ɗauki kofin Afirka sau 10, na baya-bayan nan a Maroko a 2025, D'Tigress, 'yan ƙwallon kwandon matan Najeriya, kuma suka zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a ƙwallon kwandon Olamfik a 2024, kuma da yawa daga cikin 'yan Falcons ɗin daga irin wannan fili suka taso. Takalman da aka ƙera don ƙafar mace yanzu suna nan a shagunan London da New York, manyansu a kan fiye da Dala 200. Mu kuwa kasuwarmu gwanjo ce, kuma gwanjo abin da Turai ta gama sawa yake kawowa. Sai 'yan matan can sun saye su da yawa, sun sa sun gaji sun zubar, kafin a kwance dila a Kofar Wambai a ga ɗaya ya faɗo.